Asaken Na Allah a Cikin Murfi

Tun kafin a ga Na Allah wanzami ake jin zuwansa. Ba kukan babur ɗin ba, don babur kam kowa na da shi yanzu, har mai tallan busasshen kifi. Akwatunan nan biyu na alminiyam da ke rataye a kwiɓin babur ɗin su ke yi masa shela, ƙwaram-ƙwaram, kacau-kacau, tun daga bayan gonaki, sai ka ce an ɗaura wa jaki tsofaffin kwanoni. Matan Garin Tanko in suna daka suka ji, sai su ce ga Sarkin Aska nan tafe da makaɗansa.

Autansa Rabilu ne ya aiko masa da babur ɗin daga Agadas, da akwatunan a jikinsa, ya ce a wajen wani matafiyi ya saya. Rabilun ya ƙi gadon aska, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana shafa kawunan mutane ba, amma dai ya tuna da gwiwoyin ubansa, an gode masa. Sai dai wanda bai taɓa tuƙa babur a rairayin arewacin Mayahi ba bai san abin da ake kira gajiya ba. Taya ta nutse, ka sa ƙafa ka tura, ta kufce ta yi gabas kai kana son arewa. Kafin Na Allah ya zaga ƙauyukansa kafaɗunsa sun yi tsami, ƙugunsa ya riƙe. In ya sauka sai ya daɗe tsaye dafe da sirdi kamar mai wani muhimmin tunani, alhali jira yake ƙafafunsa su dawo nasa. Ya gaji da hanya, ya gaji da doguwar gaisuwa, wani lokaci har ƙamshin sabulun aski gajiyar da shi yake. Amma bai san wata sana'a ba ban da wannan, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa gari zai waye ba wanda ke jiran askarsa ba.

To, a bana askar ta fara ba shi kunya. A kasuwar Urafane ya yanki kunnen wani dillalin awaki. Yanka kaɗan ne, amma kunne ba ya ɓoye jini, kuma dillali ba ya ɓoye magana. Ba a daɗe ba ya sake yi wa wani tsoho a ƙeya. Mutumin da a da yake aske kai mai kan na gyangyaɗi! Na Allah ya duba, ya duba, ya gano mai laifi: akwati. Zabirar da ya gada a wajen ubansa ta tsufa, aljihunanta sun yayyage, asake na zamewa su faɗa ƙasan akwati su yi ta karo da juna, da ƙahonin, da dutsen washi. Yaya za a yi baki ya tsaya wa askar da ta wuni tana dambe? Ya naɗe su a tsumma. Da ya sake yankar wani, ya ce tsumman ne ya riƙe raɓa ya sa musu tsatsa. Ya sayi sabuwar jaka a Mayahi, ya ce fatarta ba ta jemu ba. Laifi dai tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ko da wanin akwati ne. Ya yi ta washi, ya yi ta washi, har asaken suka rame.

A gida ma bai rasa abin ƙorafi ba. Matarsa Uwa ta koyi wata sabuwar rowa. Furar da take cika masa kwano da ita tun suna ango da amarya, yanzu rabi take zubawa, sai ya shanye ta ƙaro wani rabin. Ya yi magana, ta ce saboda ƙudaje ne, in ta cika sai ya bar ta a buɗe. Ya ƙyale ta. Ya ce a ransa tsufa ne ya kama ta, sai haƙuri.

A wannan yanki kowane gida da wanzaminsa, kamar yadda kowane gida yake da gonarsa. Ba zaɓa ake yi ba, tarar da shi ake yi. In kaka ta yi a kai masa damin gero, in an haihu a aika masa, shi zai aske wa jariri gashin da ya zo da shi duniya ranar suna. Muddin yana raye yana yawo, gidan ba ya kiran wani, wani wanzamin ma ba ya shiga gidan da aska a jikinsa. Sai fa in shi da bakinsa ya ce ya sauka. Ba wanda ya isa ya ce masa sauka, ko mai gari.

Gidan Mika maƙeri na Garin Tanko yana cikin gidajen Na Allah. Mika Kirista ne, dattijo a 'yar majami'arsu mai rufin kwano, Na Allah kuwa ba a raba shi da sahun gaba a masallaci, amma aska ba ta tambayar wannan. Uban Na Allah ne ya yi wa Mika askin suna, Na Allah ya yi wa 'ya'yan Mika duka. Tare suka yi kiwon awaki, tun lokacin suke tsokanar juna, kuma wannan kaɗai ne abin da bai gajiyar da su ba. Da aka aiko cewa Priskila, matar ɗan Mika, ta sauka lafiya an sami namiji, Na Allah ya yi murna har cikin ransa. Sannan ya zauna a bakin gado ya dubi hannunsa na dama. Kan dillalin awaki daban, kan jinjiri daban. A tsakiyar kan jinjiri akwai maɗiga, wurin nan mai laushi da ke bugawa, fata ce kawai tsakaninta da rai. Ya miƙe ya ce lalle a gyara akwatin nan kafin suna.

Ya tarar da Mika a rumfarsa ta ƙofar gida yana kankare gindin wata sabuwar tukunya. Sana'arsa ke nan, ya narka tsofaffin gwangwanaye da karyayyun kayan mota ya zuba tukwane da ludaye.

"Sarkin Aska!" in ji Mika. "Tun daga gonar Salifu nike jin kiɗanka. Na ce ko biki anka yi ba a gaya min ba."

"Kiɗan ga na kawo ma ka kashe, Maƙeri. Barka da arziki tukuna. Ina mai jego? Ina baƙon?"

Suka gaisa yadda ya kamata. Na Allah ya ɓalle maƙallai biyu ya ciro murfin akwatin dama, don irin murfin nan ne da ake cirewa ɗungum. Ya kifar da shi a gaban Mika kamar tire. Zurfinsa bai wuce faɗin yatsu uku ba, fili ne da ke tafiya banza kullum. Ya ce so yake kowace aska ta sami ɗakinta a nan ciki, kada ta taɓa 'yar'uwarta, kada ta taɓa komai.

"Ka huda nan da nan, ka zura waya, shi ke nan."

"Ba ni huda shi," in ji Mika. "Damana muke. Huda guda, ruwa ya samu ƙohwa, asakenka su kwana cikin tabki, ka dawo ka ce ni na ɓata su."

Maganar ta ɗan sosa Na Allah, amma ya haɗiye. Mika ya juya murfin ya nuna masa 'yan kunnuwa huɗu da ke samansa, waɗanda ake ɗaure kaya da su. Kowanne ƙusa ce ta riƙe shi, ta ratsa har ciki. Ya ce ramin da Bature ya riga ya huda ya ishe su. Ya goge kawunan ƙusoshin ya fitar da su, ya nemo notuna dogaye a cikin gwangwanin tarkacensa. Ya yanko 'yan da'irori daga tsohuwar robar cikin taya, don a sa a bakin kowane rami ruwa ya rasa hanya. Sannan ya ɗauko wani lanƙwasasshen tire ya yanko falle biyu masu faɗin yatsa biyu, ya buge su suka miƙe, ya sassara musu tsagogi da kurfin yankan ƙarfe, ya saƙa siririyar roba tana shiga tana fita, kowane shiga da fita ya zama madauki ɗaya.

Na Allah na zaune a kan turmi yana kallo. Rana ta ɗaga, zafin wutar maƙera ya haɗu da na gari. Barci ya so ɗaukarsa, irin barcin nan na wanda ya daɗe bai huta ba.

"Sauran hwata," in ji Mika. "Ƙarhe bisa ƙarhe ba shi yin shiru. Sai an shimhiɗa hwata mai laushi inda baki zai kwanta."

Ba wata fata mai laushi a rumfar. Su biyun sun san inda take. Na Allah ya tashi ya ɗauko zabirar ubansa, ya juye ta, ya daɗe yana shafa bayanta inda gumin mutum biyu ya mayar da ita baƙa wul. Ya ji ciwon abin sosai, kamar za a yanka masa dabbar da ya raina. Amma ya miƙa, ya kau da kai har Mika ya gama yankan.

Da aka zo ɗaurewa Mika ya ce, "Riƙe min notin ga daga ciki, ni in murɗa daga waje."

Na Allah ya riƙe. Notin ya yi ta ƙwanƙwasa jikin murfi, ƙas-ƙas-ƙas, ya kasa hawa zare, sannan ya suɓuce ya faɗa rairayi. Mika ya lalubo shi ya miƙa masa. Ya sake faɗuwa.

"Rairayin ga ya ci min noti ya hi a ƙirga," in ji Mika, bai ɗago kai ba. Ya jawo awartaki ya cafke notin, ya danne da ƙafa, ya murɗa shi kaɗai.

A daidai lokacin Salomi matar Mika ta fito da kwanon ruwa. Ta ajiye, amma ba ta koma ba. Ta tsaya tana goge hannu a zane fiye da yadda hannun ke bukata.

"Wanzam," ta ce, "ranar sunan ka zo da wuri, ka zamna ka huta kahin a hiddo yaron. Hanyar ga taku ba ta da daɗi."

"In Allah ya so," in ji Na Allah. Ya bar ruwan a ƙasa bai ɗauka ba sai da ta shige.

La'asar ta yi kafin a gama. Mika ya zura asaken ɗaya bayan ɗaya, kowace ta shige madaukinta, bakinta ya kwanta a kan fatar zabira. Murfin hagu kuwa ya yi masa 'yar raga ta igiya, ƙahoni da dutsen washi suka shige suka natsu. Ya ɗaga murfin asaken ya kifa shi ƙasa ya girgiza da ƙarfinsa, kamar mai fushi da shi. Ko motsi. Aiki ya yi kyau, ko maƙiyin Mika ba zai ce komai ba.

"Na gama nawa," in ji Mika, yana tattara kayan aikinsa. "Yanzu babu abin da zai taɓa bakinsu sai hannunka."

Na Allah ya koma gida cikin shirun da bai saba ba. Ya wuce matan da ke daka ba wadda ta ɗago. Ya kamata ya ji daɗi, abin da ya nema ke nan. Amma sai ya ji kamar wanda abokin tafiyarsa ya rabu da shi a tsakiyar daji, ba wanda zai ɗora wa laifin ɓatan hanya.

Ya wasa asaken a natse, ya tafasa su, ya shanya, ya mayar da kowace ɗakinta. Ana gobe suna aka yi ruwa mai ƙarfi. Ya bar babur ɗin a waje da gangan, ko da yake bai gaya wa kansa da gangan ne ba. Da safe ya buɗe murfin, ko ɗigo bai shiga ba.

Ya isa Garin Tanko rana ba ta yi zafi ba. Ƙasa ta sha ruwa ta daddale, hanya ta yi sauƙi, babur bai wahalar da shi ba ko kaɗan. Duk da haka ya zauna a gindin dogonyaro ya ɗora hannuwansa a gwiwa, don ya tanadi wata hujjar: girgizar babur takan zauna a hannu, sai an huta take fita. Ya huta. Mutane suka taru, na majami'a da na masallaci a tabarma ɗaya. Fasto ya yi karatu ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Kaleb, mata suka yi waƙa suka rangaɗa guɗa. Aka yi ta gaisuwa, aka raba goro. Ba wanda ya hanzarta shi. Ya huta har hutun ya ishe shi.

A can ƙarshen tabarma ya hango Cindo. Cindo wanzami ne na wajen Issawane, magidanci mai 'ya'ya, mutum marar hayaniya. Da yatsu shida aka haife shi, Na Allah ne ya cire masa na shidan yana jinjiri, tun hannunsa na hannu. Ya taso ya durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya?"

"Lahiya lau. Mi ya kawo ka nan?"

"Inna Salomi ta aiko min da goron suna. Na ce in zo in yi barka."

Na Allah ya dube shi daga sama har ƙasa. Ba jaka a kafaɗarsa, ba komai a aljihunsa, ya zo hannu rabbana kamar yadda ladabi ya ce. Duk da haka ran Na Allah ya ɓaci. Tun yaushe Salomi ta san hanyar Issawane? Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya tashi ya ciro murfin, ya rungume shi a ƙirji ya shiga cikin gida.

An shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Salomi na zaune ta miƙe ƙafafu, jinjirin na kwance a cinyarta, gashinsa baƙi siɗik ya kwanta luf. Priskila na tsaye a ƙofar ɗaki. Mika ya jingina da rumbu. Aka kawo ruwan ɗumi a ƙwarya. Na Allah ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ajiye murfin a gefensa. Matan da ke wurin suka leƙo suna yaba jerin asaken. Ya jiƙa gashin da hannun hagu, ya shafa sabulu a hankali. Yaron ya yamutsa fuska bai farka ba. A ƙarƙashin yatsunsa ya ji maɗigar na bugawa.

Ya zaro askar da ya fi so, ya gwada ta a gashin damtsensa. Gashin ya zube kamar ba a taɓa shi ba. Tun da yake bai riƙi aska mai baki irin wannan ba. Ba tsatsa, ba giɓi, ba raɓa, ba gajiyar hanya.

Ya yi bisimilla ya ɗaga ta.

Rana ta bugi bakin askar ta jefa ɗan haske a bangon ɗaki. Hasken na rawa. Na Allah ya gan shi da gefen ido. Ya kafa gwiwar hannunsa a cinya, ya riƙe numfashi. Hasken bai daina ba, yana hawa yana sauka a jikin bango, a gaban kowa. Ya ce wa hannun tsaya, kamar yadda ake ce wa jaki, hannun ya yi kamar ba da shi ake ba.

Sai ya ɗago kai. Salomi ta ɗora tafin hannunta a saman maɗigar yaron, wai tana kare shi daga rana. Priskila ta cusa bakin kallabinta a baki ta cije. Mika na kallon ƙasa, leɓunansa na motsi. Ba wanda ya dubi bango, kuma da ka gan su ka san kowa ya gani. Ba wanda ya ce masa dakata. Ba za su ce ba. Da zai sauke askar nan a kan jikansu, za su bar shi ya sauke, su yi ta addu'a a ciki, saboda ubansa, saboda kiwon awaki, saboda haka aka tarar.

Nan ya gane abin da Mika ya wuni yana ƙerawa. Ba shi da bakin da zai ce masa sauka, sai ya toshe ruwa, ya shimfiɗa fata, ya kashe ƙara, ya kwashe duk wani abin da za a ɗora wa laifi, ya bar shi daga shi sai hannunsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na Allah ya ji haushi, ya ji kunya. Bayan su sai wata gajiya ta sauko masa, tsohuwa, wadda ya daɗe yana ɗauke da ita daga kasuwa zuwa kasuwa yana kiranta da sunan akwati.

Ya mayar da askar. Bai sami madaukin a karon farko ba, sai da ya tallafa da hagu.

"A kira min Cindo," ya ce.

Salomi ta saki numfashi, ya ji shi sarai. Cindo ya shigo ya durƙusa daga nesa.

"Matso. Kai za ka yi askin ga."

"Baba, gidanka ne. Ni ban zo da aska ba."

"Na sani." Na Allah ya ɗauki murfin da hannu biyu ya ajiye a gabansa. "Ga aska. Gidan ga naka ne daga yau, ni na ce, da bakina. Mika, ka ji. Salomi, kin ji."

"Mun ji," in ji Mika.

Na Allah ya ja da baya ya ba shi wuri. "Ka hwara daga ƙeya. In ka zo maɗiga ka kwantar da bakin, ka bi gashi, kar ka yi gardama da shi."

Cindo ya san wannan tun kafin ya yi gemu, amma ya ce, "To, Baba." Ya wanke hannu ya zaro askar. Na Allah ya zuba wa hannun ido. Ga ɗan tabon nan a gefen ƙaramin yatsa, aikinsa ne, ya warke sumul har sai ka san da shi za ka gani. Hannun ya sauka a kan yaron bai ko motsa ba. Gashi ya riƙa tattaruwa a bakin aska, fatar kai na fitowa fes. Salomi ta janye tafinta. Kaleb ya yi ɗan kuka sau ɗaya don kada a ce bai yi ba, ya koma barcinsa.

Da aka gama Cindo ya wanke askar ya goge, ya mayar da ita madaukinta, ya miƙo murfin.

"Riƙe," in ji Na Allah. "In sunka yi ma yawa ka rataye a bango. Amma kar ka bari su haɗu da juna."

Mika ya rako shi har gindin dogonyaro. Suka tsaya suna kallon akwatin dama, bakinsa a buɗe, ba komai a ciki sai tsumma da guntun sabulu.

"Wuni na ɓata bisa murhin ga," in ji Mika, "ka ɗauka ka ba mutumen Issawane. Yanzu sai na ƙera ma wani."

"Ƙera. Kar ka sa komi ciki."

Ya hau babur. Mika ya riƙe kan babur ɗin bai saki ba.

"In kaka ta yi damenka na gero na nan."

"Ba a ba wanda bai yi aiki ba dame, Maƙeri."

"Wa ya ce kai nike ba? Na ubanka ne, na askin kaina. Kai ɗan aike ne."

Na Allah ya janye kan babur ɗin daga hannunsa. Ya tada babur ya tafi. A hanya ya tuna da sauran gidajensa, na nan da na can har bakin Urafane. Kowanne sai ya je da kansa ya faɗa da bakinsa, ya sha gaisuwa, ya ga yadda za su yi kamar sun yi mamaki. Tunanin kaɗai ya ƙara masa nauyin kafaɗa. Ya tuƙa a hankali, iska na shiga buɗaɗɗen akwatin tana fita.

Uwa na tsakar gida tana tsince wake. Ta dubi akwatin, ta dubi mijinta, ba ta tambayi inda murfi yake ba. Ta yi masa sannu da zuwa, ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta shiga ta damo fura ta ajiye a gabansa. Rabin kwano, kamar kullum.

Ya daɗe yana kallon furar da filin da ke samanta, inda ko an girgiza kwanon ba za ta kai baki ta zube ba.

"Uwa," ya ce, "tun yaushe kike rage min?"

Ta zauna a gefen tabarmar, ta jawo faifan wakenta.

"Tun kakar bara waccan, Malam."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya sha, ita kuma ta jira ya gama ta ƙaro masa sauran rabin.